Ƙaramin gidan abincin 'yan Asiya a bayan layinmu, me zan yi oda kada in ji kunya?

Baban_Ilham

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah waɗanda suka saba cin abincin 'yan Asiya ku agaza min da shawara. Akwai wani ɗan ƙaramin gidan abinci a bayan layinmu, teburan ciki ba su fi takwas ba, wata mata ce da mijinta ke riƙe da shi, kullum in na taso daga aiki tun daga kwana ƙamshin tafarnuwa da citta ke tarbata, da daddare kuma za ka ga mutane tsaitsaye a bakin ƙofa suna jiran tekawe. Madam ta jima tana min mita wai kullum sai dai mu wuce muna haɗiyar yawu, to na riga na yi suɓul da baka na ce ranar Asabar zan kai su, ita da ƙanwarta da 'yar yarinyarmu mai shekara biyar.

Jiya na leƙa na ɗauki hoton menu ɗin da suka manna a gilashi, wlh ko abu ɗaya ban gane ba in banda soyayyar shinkafa. Akwai pad thai, akwai pho, akwai tom yum, akwai wani wai shi massaman, da alama na Tailan ne da na Biyetnam suka haɗa. Abin da ya fi damuna shi ne naman alade, ta yaya zan san babu shi a abin da za a kawo min, tunda ba zan kutsa kicin ɗin mutane in buɗe tukunya ba. Arahar wajen ma ta ɗan tsorata ni, kun san an ce araha ba ta ado, kada mu je mu kwaso ciwon ciki. Wani abokin aikina kuma ya ce farin magi suke zabgawa a abinci har kai ya yi ta sara maka. Ga kuma sandunan nan biyu da suke cin abinci da su, ni ko a mafarki ban taɓa riƙewa ba, kada in je in zubar da girmana a gaban ƙanwar mata.

Tsohon_Kuku

Wa alaikumus salam. Malam kwantar da hankalinka, na yi shekara huɗu ina aiki a kicin ɗin irin wannan waje, daga wanke-wanke na fara har na kai ga tsayawa gaban wuta, don haka abin da zan faɗa maka gani na yi ba labari aka ba ni ba.

Maganar araha tukunna. Ba ha'inci ne ya sa suke araha ba. Miji ne kuku, mata ce mai karɓar oda da kuɗi, in ɗansu ya taso daga makaranta shi ne mai goge teburi, to ka ga albashin mutum uku ya zauna a gida. Sannan ka lura abincin nan jigonsa shinkafa ce ko taliya da ganye, naman kuwa yanka shi ake yi siriri kamar takarda, tsoka ɗaya sai ta wadaci faranti uku kuma ba ka jin an cuce ka saboda kowace loma akwai shi. Kayan haɗin ma kusan iri ɗaya ne ake jujjuyawa, tafarnuwa, citta, barkono, ruwan waken soya, lemun tsami, madarar kwakwa, babu abin da ke zama har ya lalace. Wajen da ni nake tsoro shi ne wanda menu ɗinsa ya kai shafi goma, ga sushi ga kori ga pizza ga komai, amma in ka leƙa ba kowa a ciki sai weta yana danna waya. Wannan kam firiza ce ke musu girki. Naka da ka ce mutane na layi a ƙofa ai ka riga ka samu shaida, abincin da ake wawaso ba ya kwana.

In ka zauna ka kasa kunne wajen kicin, za ka ji ƙarar wuta kamar ana hura zuga da ƙarar ƙarfe na bugun kasko, wannan shi ne wok, kasko mai zurfi da ake ɗorawa a wuta mai tsananin ƙarfi, minti biyu zuwa uku an gama faranti guda. Ɗan ƙaurin nan mai daɗi da kake ji a soyayyar shinkafarsu wanda duk yadda uwargida ta yi a gida ba ya fitowa, 'yan Kanton na kudancin Caina suna ce masa wok hei, wai numfashin kasko. Ba sirrin wani sinadari ba ne, wutar gida ce ba ta kai ba.

Yanzu alade, nan ne nake so ka buɗe kunne. Kada ka tsaya a "akwai alade a ciki?" kawai, za su duba su ga ba yankan alade a farantin su ce maka babu, kuma a nasu ganin ba ƙarya suka yi ba. Romon za ka tambaya, da ƙashin me aka dafa shi. Ka tambayi man suya, na tsiro ne ko kitse. Ka tambayi garin ɗanɗanon da suke barbaɗawa, don akwai wanda ake yi da ɗanɗanon alade kuma ana yawan amfani da shi a girkin Tailan. Duk wani abu da aka naɗe a ɓawon fulawa aka cusa niƙaƙƙen nama a ciki, irin su wonton da soyayyen naɗin Biyetnam da suke kira cha gio, ka ɗauka alade ne har sai an tabbatar maka ba shi ba ne. Akwai ma wani miyan taliya sunansa bun bo Hue, "bo" ɗin nan saniya yake nufi, mutum sai ya saki jiki, alhali a yadda aka saba yin sa akwai ƙafar alade a ciki har da daskararren jini. Shi pho, wato taliya a cikin romo irin ta Biyetnam, na asali da ƙashin saniya ake dafa romonsa na tsawon awanni, da gasasshiyar albasa da citta da kirfa da kanumfari, akwai kuma na kaza, amma duk da haka tambaya ba ta ɓata komai.

Ka haddace 'yan kalmomin nan. A yaren Tailan moo alade, gai kaza, nuea saniya, goong jatan lande, pla kifi. A na Biyetnam heo ko lon alade, ga kaza, bo saniya. In menu na Caina ne ka ga wannan harafin 肉 shi kaɗai ba a haɗa shi da sunan wata dabba ba, to ma'anarsa nama, kuma a wajensu in an ce nama aka yi shiru alade ake nufi.

Uwar_Biyu

Baban Ilham tunda da yarinya za ku je dan Allah ka fara tabbatarwa jikinta na karɓar gyaɗa, don pad thai, wato soyayyar taliyar Tailan, dakakkiyar gyaɗa ake barbaɗa masa, massaman ma da gyaɗa a ciki, in tana da alaji ka faɗa musu tun kafin a ɗora kasko. Haka jatan lande, busasshensa na shiga abubuwa da yawa ba tare da ka gan shi ba.

Kuma kada kowa ya yi odar farantinsa shi kaɗai, asara ce. Su a tsakiya suke jera abinci kowa ya ɗiba. Ku uku da yarinya ku ce a kawo pad thai ɗaya, massaman ɗaya, soyayyen ganye da awara ɗaya, farar shinkafa kwano biyu, in ba ku ƙoshi ba ku ƙara, ai kicin ɗin ba gudu zai yi ba. Massaman ɗin nan yarana har side kwano suke, ba shi da yaji sosai, madarar kwakwa ce da dankali da nama ya dahu luguf, ɗan zaƙi-zaƙi haka. Tom yum kuwa ka bar wa manya, tsami ne da yaji suka haɗu, ranar da na fara sha sai da hancina ya yi ta zuba amma ban ajiye cokalin ba.

In matar ta tambaye ka yaya kake son yajin ka ce kaɗan. Na san halin maza, kada girman kai ya sa ka ce da yawa.

Mai_Gilashi

Ina so in ɗan yi magana a kan farin magin da abokin aikinka ya tsorata ka da shi, don wannan zancen ya daɗe yana ba ni haushi. Wani masanin kimiyya ɗan Japan, Kikunae Ikeda, shi ya gano sinadarin a 1908 daga wata ciyawar teku da suke dafa romo da ita, ya sa wa ɗanɗanon suna umami, a 1909 aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. Sinadarin nan glutamate akwai shi a tumatir, akwai shi a cuku, har a nonon uwa akwai shi. Tsoron kuwa daga Amurka ya taso, a 1968 wani likita ya rubuta wasiƙa zuwa mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine yana cewa yakan ji wani iri in ya ci abinci a gidajen abincin 'yan Caina, shi kansa zato ya yi ya lissafo abubuwan da ka iya jawowa, jaridu suka ɗauka suka yi ta yayatawa har aka laƙaba wa abin suna. Da aka zo ana gwaji irin wanda mutum bai san ko an sa masa ko ba a sa ba, an kasa tabbatar da cewa adadin da ake sawa a abinci na kawo wannan ciwon, kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka tana lissafa shi cikin abubuwan da ba su da haɗari. Abin dariyar shi ne mai cewa ba ya cin abincin 'yan Asiya saboda farin magi za ka same shi da ledar cincin ɗin kanti ko dunƙulen ɗanɗano a kicin ɗinsa, duk da shi a ciki.

Abin da yake gaskiya shi ne gishiri. Ruwan waken soya gishiri ne, ruwan kifin nan da ake tsimawa wata da watanni wanda 'yan Tailan ke kira nam pla shi ma gishiri ne zalla, to in ka tashi da ƙishirwa ko kai ya ɗan yi nauyi ka fara zargin wannan. Mai hawan jini ya yi hattara, ya rage shan romo.

Ƙari a kan abin da Uwar Biyu ta ce, shi massaman ana danganta asalinsa da Musulmi 'yan kasuwa da suka zauna a ƙasar, sunan ma daga kalmar Musulmi ya samo tushe, shi ya sa da kaza ko saniya aka saba yin sa, kuma za ka ji kayan ƙamshi irin su kirfa a ciki waɗanda ba kasafai ake sa su a sauran miyar Tailan ba.

Gwauro_Mai_Tukunya

Ni fa ku yi haƙuri duk wannan bayanin bai gamsar da ni ba. To ka ce ba alade a farantinka, kaskon da aka soya na wanda ya zo kafin kai fa? Kazar da saniyar ma wa ya yanka? Kuma ba wanda ya yi maganar giya, na ji ance suna zuba giya a girki. Ni dai in ba gani na yi an rubuta halal ba ƙafata ba ta shiga, Baban Ilham ka sayo kaji ka kai gida madam ta soya kowa ya huta.

Tsohon_Kuku

Gwauro ai ba ka yi ƙarya ba, kuma ba zan rufe maka ba. A lokacin da oda ta yi yawa abin da ake yi wa kasko tsakanin faranti da faranti shi ne a watsa ruwa, a goge da burushin gora, a zubar, a mayar kan wuta, daƙiƙa goma an gama. Ba sabulu. Man da ake tsoma abu a soya shi ma ɗaya ne ga kowa. In wannan ya tsaya maka a rai to ya tsaya, ba wanda zai ce ka yi laifi. Wasu wuraren in ka roƙa za su wanke maka kaskon da kyau ko su ɗauko wani, musamman in ka je lokacin da ba cunkoso, kuma ƙananan wuraren sun fi manya sauƙin wannan don da mai wajen kake magana kai tsaye ba da yaron da aka ɗauka aiki jiya ba.

Giya kuma gaskiya ne amma ya danganta da ƙasa. Girkin Caina akwai giyar shinkafa ta Shaoxing da ake jiƙa nama da ita ko a watsa a gefen kasko, na Japan akwai mirin da sake, kusan duk miyar teriyaki da su ake yi. Masu cewa wuta na ƙone ta duka ba haka ba ne, a suyar minti biyu ba ta gama fita. Girkin Tailan bai cika dogara da ita ba, can ruwan kifi da tsamiya da lemun tsami ne ke aikin, amma wajen da ya haɗa girkin ƙasa biyu ko uku sai an tambaya. Hukuncin kuma ba nawa ba ne, wannan sai malamai.

Maganar yanka, mafita mai sauƙi kifi ko jatan lande ko awara ko ƙwai, kusan kowane abinci a menu irin wannan ana ba ka zaɓin abin da za a sa maka.

Amma Gwauro kada ka ɗauka abincin Asiya duka na masu cin alade ne. Indunusiya na cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi a duniya, ga Malesiya, nasi goreng da rendang da satay duk nasu ne. A Caina kanta akwai Musulmi 'yan ƙabilar Hui da Uigur, taliyar nan da ake ja da hannu ta birnin Lanzhou mai romon saniya girkin Hui ce, in ka ga an rubuta 清真 a ƙofar gidan abinci, yawanci da koren launi, to halal ɗinsu ke nan. Ka samu irin wannan ka zauna ka ga yadda mutum ke ɗaukar curin ƙullu ya ja ya ninka ya ja ya ninka, kafin ka ƙifta ido ya zama zare fiye da ɗari, sannan ka zo ka ba ni labarin soyayyar kazarka.

Gwauro_Mai_Tukunya

To wannan na Lanzhou ɗin zan iya gwadawa. Amma na bayan layin Baban Ilham kam a kai kasuwa.

'Yar_Auta

Yaya Baban Ilham maganar sanduna ta ba ni dariya wlh. 'Yan Tailan ɗin ma da kansu da cokali suke cin shinkafa, cokali a dama mai yatsu a hagu yana tura abinci cikin cokalin, sanduna sai in taliya ce. Ba mai kallonka. In kuma ka ce sai ka gwada, ta ƙasan ba ta motsi, kwantar da ita za ka yi a gindin babban yatsa, ta saman ce kake riƙewa kamar biro kana motsawa. Abu ɗaya dai, kada ka soka su a tsaye cikin kwanon shinkafa, yana musu kama da turaren tsinken da suke kunna wa mamaci, tsofaffinsu ba sa so. Ka kwantar da su a gefen kwano.

Baban_Ilham

Jama'a mun je mun dawo, Allah ya saka da alheri. Ƙarfe biyar muka je kamar yadda Tsohon Kuku ya ce a je lokacin da ba cunkoso, teburi ɗaya ne kawai da mutane. Na tambayi matar maganar romo, sai ta tsaya ta dube ni ta yi murmushi, ta ɗauki biro ta bi menu ɗin tana sa ɗan gicciye a gefen duk abin da ba namu ba, kuma abin mamaki har da miyar ganye wadda ni da ita na yi niyyar farawa don ina ganin ganye ne zalla, ashe da romon ƙashin alade suke yin ta. Da ban tambaya ba da na sha na yi hamdala. Ta leƙa kicin ta yi wa mijin magana da yarensu, na ji ƙarar ruwa da goge-goge, ta dawo ta ce ya wanke kaskon.

Mun ci pad thai da jatan lande, massaman muka ce a sa awara saboda maganar yanka, sai soyayyen kifi guda da aka kwararo masa miyar tsamiya da barkono. Pad thai ɗin da suka kawo da ɓarin lemun tsami a gefe da 'yar tulin gyaɗa da garin barkono, ni na fara ci haka na ji zaƙi ya ɗan yi yawa, matar ta zo wucewa ta nuna min lemun da yatsa, ina matsawa abincin ya zama wani abu daban. Ilham kuwa shinkafa da romon massaman ta yi ta ci har da neman ƙari, ɗan mai wajen ya ɗaure mata sanduna da roba ta yi ta tsintar dankali da su ta fi ni iyawa.

Anti Uwar Biyu ki yafe ni ban ji maganarki ba. Da aka zo kan kifin ta tambayi yaji, ƙanwar madam na kallona, na ce a sa sosai. Loma uku na yi na ji kunnuwana sun toshe, gumi har cikin kwalar riga, ina ta kwankwaɗar ruwa abin na ƙaruwa, sai ga matar ta ajiye min yankakken kokwamba da ƙarin farar shinkafa ba ta ce komai ba. Su madam har yanzu dariya suke min. Pho ba mu kai gare shi ba ciki ya cika, sai wani zuwan. Ragowar shinkafar ma an ƙulla mana mun taho da ita, tana nan kan teburi gobe in karya da ita.

Tsohon_Kuku

Kan teburi kuma? Malam tashi yanzu ka sa ta a firij. Dafaffiyar shinkafa in ta kwana a waje akwai ƙwayar cutar da ke yaɗuwa a cikinta ta bar guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar, gobe ka wayi gari da amai ka ce matar nan ce ta cuce ka. Awa nawa ke nan da kuka dawo?

Baban_Ilham

Ko awa ɗaya ba a yi ba. Na sa.